Hawan Jini a Ƙasar Rano: Laifin Gado Ne ko Laifin Tukunya?

Idan aka yi rasuwar farat ɗaya a Rano ko Kibiya, mutum ya kwanta lafiya ya tashi ɓarin jiki a shanye, ko ya yanke jiki ya faɗi a gona, akwai maganar da ba ta rasa fitowa a zaman makoki. Wani zai ce, "Ai haka mahaifinsa ya tafi, abin a jininsu yake." Sai wani daga gefen tabarma ya amsa, "Wane jini? Kakanninmu da suka tsufa riƙe da fartanya, wa ya ji hawan jini a bakinsu? Abincin zamani ne kawai." Daga nan sai a shafa fatiha, a bar zancen. Ni kuwa ina ganin bai kamata a bar shi ba. Waɗannan maganganu biyu su ne ainihin gardamar da likitocin zuciya da masu binciken ƙwayoyin gado suka yi shekaru suna tafkawa, kuma amsar da muka ɗauka ita za ta nuna inda za mu zuba ɗan abin da ke hannunmu: gwajin gado mai tsada, ko awon jini da gyaran miya.

Kafin a saurari kowane ɓangare, sai an san abin da ake jayayya a kansa. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da nauyinsa bai wuce giram 5 ba. Shi ke fitar da wani homon mai suna aldostiron, wanda aka fara ware shi a 1953, aikin Sylvia Simpson da James Tait na Landan tare da Tadeus Reichstein na Suwizalan. Saƙonsa ga ƙoda guda ne: ki riƙe gishiri, ki saki fotasiyam. Inda gishiri ya tsaya kuwa ruwa zai tsaya, jini ya yi yawa a jijiyoyi, matsinsa ya hau. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar ruwan da ta taso daga madatsar Tiga zuwa gonakin Bunkure da Kadawa ya san aikin mai kula da ƙofa: in ya buɗe daidai, ruwa ya wuce salin-alin, in ya danne fiye da kima, ruwa ya taru ya matsa wa bango har ya tsage. Aldostiron shi ne mai ƙofar, jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda su ne bangon.

Shi kansa aldostiron ƙera shi ake yi. Jiki na sarrafa shi daga kolestarol mataki-mataki, kuma matakin ƙarshe yana hannun enzayim guda, wanda umarnin yinsa ke rubuce a ƙwayar gado mai suna CYP11B2, a kan kuromosom na 8. Kowane mutum ya gaji kwafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma rubutun ba iri ɗaya ba ne a wurin kowa. A wani gurbi da ake kira -344, gab da inda ake kunna ƙwayar, wani yana ɗauke da harafin C, wani yana ɗauke da T. Tambayar ita ce: wannan bambanci, da ire-irensa, shi ke sa wasu gidaje suna binne mutanensu da wuri? In kuwa shi ne, ya dace mu fara gwada mutanenmu?

Masu cewa gado ne ba da hannu wofi suka zo ba. Hujjarsu ta farko kowa ya gan ta da idonsa: akwai gidan da uba, baffa da gwaggo duk suna shan maganin hawan jini, maƙwabcinsu kuwa da ke cin tuwo iri ɗaya da miya iri ɗaya bai san zancen ba. Binciken da aka yi a kan tagwaye da iyalai ya nuna cewa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na bambancin matsin jini tsakanin mutane daga gado yake. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Hujjarsu ta biyu ta fi kaifi. A 1992 Richard Lifton da abokan aikinsa a Amurka suka gano dalilin wani irin hawan jini da ke bin zuri'a, yana kama yara da matasa, yana fasa jijiyar ƙwaƙwalwa tun mutum bai kai arba'in ba. Ashe ƙwayar CYP11B2 ce ta manne da maƙwabciyarta CYP11B1, mai aikin ƙera homon ɗin kotisol, suka haifi wata haɗaɗɗiyar ƙwaya da ke zuba aldostiron ba tare da sauraron buƙatar jiki ba. Idan ɗaya daga cikin iyaye yana da ita, kowane ɗa yana tsakanin samu da kuɓuta rabi da rabi. Magungunan hawan jini na yau da kullum ba su cika yi wa irin waɗannan mutane aiki ba, amma ɗan ƙanƙanin magani mai kama da kotisol yana kwantar da abin. A nan, gwajin gado shi ke raba mutum da mutuwar ƙuruciya, kuma ba wanda ya isa ya musa.

Akwai kuma larurar da ke bin wannan hanya ta juye, kuma ita ce ta fi taɓa ni, domin ta shafi jarirai. Wani enzayim da ke kan hanyar ƙera aldostiron da kotisol, wanda ƙwayarsa CYP21A2 ke kan kuromosom na 6, yakan zo a lalace idan jariri ya gaji lalataccen kwafi daga uwa da uba duka. A duniya ana samun haka a kusan haihuwa 1 cikin 15,000. Sau da yawa jaririn ba ya iya riƙe gishiri. A mako na biyu ko na uku sai ya fara amai, ya ƙi nono, ya bushe, in ba a gane ba ya tafi, a ce mayu ne ko iska. In mace ce, takan zo da al'aurar da ungozoma ta kasa tantancewa, iyaye su shiga ɓoyo da kunya kan abin da yake da magani. Auren zumunci, wanda muke yi da kyakkyawar niyya don ƙulla dangi, yana ƙara damar haɗuwar kwafi biyu irin waɗannan. Masu kare ra'ayin gado suna cewa: wanda ya raina ilimin enzayim, ya je ya faɗa wa uwar da ta rasa jarirai biyu a jere da alamomi iri ɗaya.

Daga nan sai su dawo kan baƙar fata gaba ɗaya. An daɗe da lura cewa yawancin baƙaƙen da ke da hawan jini, a Afirka da Amurka, renin ɗinsu ƙasa yake. Renin wani sinadari ne da ƙoda ke saki idan ta ji gishiri ya yi ƙaranci. Ƙarancinsa alama ce ta jikin da ya riga ya cika da gishiri da ruwa. Harafin T na gurbin -344 ya fi yawa a tsakanin 'yan asalin Afirka fiye da Turawa. A 2006 Dennis McNamara da abokansa suka duba baƙaƙen Amurka 354 masu ciwon gazawar zuciya, suka ga fiye da rabinsu T biyu gare su, kuma ko da yake masu harafin C ne suka fi shan wahala da ciwon, masu T biyun su ne suka fi amfana da wani haɗin magani da ake gwadawa. A 2007 wani nazari da ya tattara bincike da dama ya nuna masu C biyu sun ɗan fi kuɓuta daga hawan jini. Wasu masana ma suna hasashen cewa zaman dubban shekaru a ƙasa mai zafi, inda gumi ke kwashe gishiri kuma samunsa ke da wuya, shi ya zaɓi jikkuna masu tsimin gishiri suka yaɗu. Tarihinmu bai ƙaryata wannan ba. Gishirin da kakanninmu suka sani daga nesa yake zuwa, kantu da ɓeza a bayan raƙuma daga Bilma da Fachi, mangul da kanwa daga ƙasar Manga da Borno, kuma ba kowace uwargida ke iya ɗiba da cikin hannu ba.

Abin da ya fi ba wannan ɓangare ƙarfi shi ne zancen magani. A 2019 aka fitar da sakamakon gwajin CREOLE, wanda Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida a kan majinyata 728, kuma Farfesa Mahmoud Sani na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana cikin waɗanda suka yi aikin. An gwada haɗi uku na magani biyu-biyu, aka ga duk haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi sauke matsin jini a kan haɗin ferindofiril da maganin sa fitsari. Ma'ana, jikinmu yana amsa magani ta tasa hanyar, kuma abin da aka rubuta a littattafan Ingila ba lallai ya dace da mutumin Rurum ba. To ga shi, in ji su, a manyan binciken ƙwayoyin gado na duniya, bisa lissafin 2019, kusan kashi 78 cikin 100 na waɗanda aka duba Turawa ne, 'yan asalin Afirka kuwa kashi 2 kacal. In ba mu bari an bincika jininmu ba, za mu dawwama muna shan maganin da aka auna a jikin wasu. Suna kuma tunatar da mu cewa a 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a Jihar Kano, har da gwajin sikila, kuma jama'a sun karɓa. Me zai hana a faɗaɗa?

Ɗaya ɓangaren ba su musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan binciken ba. Abin da suke cewa shi ne an ɗauki ƙaramin abu an rufe babba da shi.

Suna farawa da aikin Richard Cooper da Charles Rotimi da abokansu, wanda ya fito a 1997. An auna mutanen da asalinsu ɗaya ne, Afirka ta Yamma, a wurare uku. A Najeriya da Kamaru kashi 16 cikin 100 ke da hawan jini, a tsibiran Karibiyan kashi 26, a Amurka kashi 33. Tushe ɗaya, sakamako ya ninka. Abin da ya bi sahun wannan hawa shi ne ƙiba da yawan cin gishiri da ƙarancin fotasiyam a abinci. Yau kuwa ƙididdiga ta nuna kusan babba 1 cikin 3 a Najeriya yana da hawan jini. Ƙwayar gado ba ta canzawa a shekara talatin. Tukunya ce ta canza.

Kuma duk wanda ya zauna kusa da murhu ya ga canjin. A ɗauki miyar kuka ta gida mai mutum goma. Da can daddawa ce da barkono da ɗan gishiri da ɗan jiƙon kanwa. Yanzu uwargida za ta murmushe dunƙulen magi biyar ko shida, wanda kusan rabin kowanne gishiri ne, ta ƙara farin ɗanɗano, ta ɗebi gishirin leda da tafin hannu, ta kuma zuba kanwar, wadda ita ma sodiyam ce cike da ita. In an sauke, maigida ya ɗanɗana ya ce a miƙo masa yaji, shi ma yajin da gishiri da magi aka daka shi. Da rana yara sun ci taliyar leda da ƙullin ɗanɗanonta, da yamma an sayo awara ko ɗanwake an barbaɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗe da wanda ke ɓoye cikin burodi da sauran abinci. Ban ɗora wa matanmu laifi ba. Nama ya yi tsada, kifi ya yi tsada, dunƙulen nan shi ne mafi arhar abin da zai sa miya ta ciwu. Talauci ne ke zuba gishirin, hannun uwargida kawai ya ara.

Sai su juya kan harafin T da C. Gaskiya ne wasu binciken sun ga alaƙa, amma wasu a wasu al'ummu ba su ga komai ba, wasu ma sun ga akasin haka. Da aka samu damar duba mutum fiye da miliyan 1 a 2018, sai aka iske wuraren da ke taɓa matsin jini a cikin ƙwayoyin gado sun haura 900, kuma yawancinsu tasirin kowanne bai kai maki ɗaya a ma'auni ba. To mene ne amfanin a gaya wa manomin Tarai cewa T biyu gare shi, alhali yawancin mutanen garinsu haka suke, masu ciwon da marasa shi? Sakamakon da kusan kowa zai samu bai raba kowa da kowa ba. Nan ne kuma kwatanci da sikila ya rushe. Sikila ƙwaya ɗaya ce, lissafinta a fili yake: AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 ya zo da SS. Hawan jinin da ke damun jama'a ba shi da irin wannan lissafi. Larurar da Lifton ya gano kuwa, duk da tsananinta, ba ta kai kashi 1 cikin 100 na masu hawan jini ba.

Suna kuma jan kunne game da labarai masu daɗin ji. A 1991 Thomas Wilson da Clarence Grim suka kawo ra'ayin cewa baƙaƙen Amurka sun gaji riƙe gishiri ne saboda waɗanda suka tsira daga ƙishirwa da gudawa a jiragen bayi su ne masu irin wannan jiki. Labarin ya yaɗu ƙwarai, amma a 1992 masanin tarihin cinikin bayi Philip Curtin ya nuna cewa bayanan tarihi ba su goyi bayansa ba. Illar irin wannan magana ita ce tana sa a daina tambayar abin da mutum ke ci, da inda yake kwana, da ko yana iya sayen magani, a ce ai halittarsa ce.

Hujjar da ta fi nauyi a wurinsu ita ce halin da muke ciki. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum 4 cikin 5 masu hawan jini ba sa samun kulawar da ta isa, kuma kusan rabi ba su ma san suna da shi ba. A ƙauyukanmu abin da aka saba gani shi ne dattijo ya shiga kemis yana dafe da ƙeya, a ɗaura masa awo a kan hannun riga yana tsaye yana haki, a ce ya hau, a ba shi ƙwayar kwana goma. Ciwon kai ya lafa, ya ajiye magani, domin a saninsa magani na mai ciwo ne. Bayan wata shida sai a sa shi a mota zuwa Babban Asibitin Rano, daga can a ce sai Kano. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi ya jagoranta a Najeriya da Gana, har da asibitocin Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki yana da nasaba da hawan jini, kuma ƙara gishiri a kan abinci yana ƙara haɗarin, cin ganye kullum yana rage shi. Zogale, rama, yakuwa, alayyafo, duk a bayan gidanmu suke. A irin wannan hali, in ji su, wanda ya zo yana zancen kuromosom ya tsallake gaɓa goma.

Akwai kuma tsoron abin da jama'a za su yi da sakamakon. Mun ga yadda kalmar "mai sikila" ke bin yarinya ko da AS ce lafiyayya. Idan aka fara cewa gidan wane suna da "jinin hawan jini", aure nawa za a fasa a kan abin da bai tabbata ba? Wani kuma zai ɗauki gado a matsayin hukuncin da ba ya ɗaukaka ƙara, ya ce tunda a jini yake, me ya rage, ya ci gaba da cin abin da ya ga dama. Sannan Kanawa ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara 200 a tsakiyar annobar sanƙarau, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Wanda zai zo ɗibar jinin mutane da sunan bincike a ƙasar Kano, dole ya san ƙasar da ya taka.

To ina gaskiya take? Ni dai akwai wani darasi daga Zariya da ke hana ni saurin yanke hukunci. A shekarun 1970, Neil Davidson da Eldryd Parry na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello suka bayyana yawan ciwon zuciyar da ke kama matan Hausawa bayan haihuwa, kusan 1 cikin 100, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Bayani ne mai ma'ana, kuma an koyar da shi shekara da shekaru. Amma da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranci rajistar PEACE a asibitocin Najeriya, sakamakon da ya fito a 2020 bai nuna al'adun jego ne ke kawo ciwon ba. Abubuwan da suka bayyana su ne ramewar jiki, rashin karatun boko, rashin aikin yi da hawan jinin goyon ciki. Wannan ya isa ya sa mai cewa "gishiri ne kawai" ya sassauta murya, kamar yadda binciken 2018 ya isa ya sa mai cewa "harafi ɗaya ne" ya sassauta tasa.

Abin da na gamsu da shi shi ne, ɓangaren gado sun yi daidai a kan ciwon, sun yi kuskure a kan gwajin. Jiki mai tsimin gishiri gaskiya ne, kuma da yawanmu shi muka gada. Muddin gishiri yana zuwa a bayan raƙumi, wannan gado garkuwa ne. Da ya koma abin naira kaɗan a kowane tebur, sai garkuwar ta juyo mana. Amma ba sai an karanta ƙwayar gado ake gane irin wannan jiki ba. Dubi aikin da Adeseye Akintunde na Ogbomosho da abokansa suka fitar a 2017, a Najeriya da Kenya da Afirka ta Kudu. Sun ɗauki majinyatan da jininsu ya ƙi sauka, suka auna wa wasunsu renin da aldostiron a jini, suka zaɓi magani bisa abin da awon ya nuna. Bayan shekara ɗaya, rabin waɗannan jininsu ya daidaita, a cikin waɗanda aka bi da su yadda aka saba kuwa kashi 11 cikin 100 kawai. Binciken ƙarami ne, yana buƙatar a maimaita shi a kan mutane da yawa. Sai dai a lura, homon ɗin suka auna, ba harafin gado ba.

Dalilin da ya sa wannan ya fi shi ne, yawan aldostiron ba duka ne na gado ba. Tun 1955 Jerome Conn na Jami'ar Mishigan ya bayyana majinyaciyar da wani ɗan ƙari a ƙullutun saman ƙodarta ke zuba aldostiron, aka cire shi ta warke. Yau an san cewa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu hawan jini yawan aldostiron ne matsalarsu, a cikin waɗanda magani uku ya kasa kuwa ya kai 1 cikin 5, kuma yawancinsu ba daga iyaye suka samo ba. Gwajin gado zai wuce su bai gan su ba, awon homon zai kama su. Maganinsu kuma ba sabo ba ne: sifironolakton, wanda ke toshe aikin aldostiron, ya haura shekara 60 a kasuwa, kuma gwajin PATHWAY-2 na Birtaniya ya nuna a 2015 cewa shi ne mafi aiki a matsayin magani na huɗu. Ba abin da mutum zai saya wa kansa a kemis ba ne, domin yana tara fotasiyam a jini, kuma ga mai raunin ƙoda hakan na iya tsayar da zuciya. Ko sabon maganin nan bakisdurostat, wanda ke kashe aikin enzayim ɗin CYP11B2 kai tsaye, wanda a 2025 aka nuna yana rage matsin jini da kusan maki 9 zuwa 10 fiye da ƙwayar da ba magani a cikinta, ba a tambayi majinyatan da aka ba shi ko C gare su ko T ba. Ilimin enzayim ne ya haifi maganin, ma'aunin hannu ne ya nuna wanda zai sha.

Shi ya sa ban goyi bayan a saka wani gwajin "gadon hawan jini" cikin sharuɗɗan aure ba, kuma duk wanda ya zo yana tallar irinsa ga talaka, kuɗinsa kawai zai ci. Inda gwajin gado yake da hurumi a bayyane yake: gidan da hawan jini ke kama 'yan ƙasa da shekara 30, ko ake shanyewa da ƙuruciya a jere, da gidan da jarirai ke mutuwa da amai da bushewa a makonnin farko ko suke zuwa da al'aurar da ba a tantance ba. Waɗannan a tura su Asibitin Aminu Kano ba tare da jinkiri ba. Bincike kuwa ina tare da shi ɗari bisa ɗari, domin kashi 2 ɗin nan abin takaici ne, kuma shirin H3Africa na binciken ƙwayoyin gado a Afirka ya nuna masananmu na iya jan ragama. Sharaɗi dai a yi wa mutum bayani da Hausar da yake ji, a nemi yardarsa, a sanar da hakimi da malamai, a kuma dawo a faɗa wa gari abin da aka gano.

Tun 2020 Kano tana cikin jihohi biyu, ita da Ogun, da aka fara shirin ƙasa na kula da hawan jini a ƙananan asibitoci. Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da masarauta shi ne su tabbatar kowace cibiyar lafiya, daga Zurgu da Saji har Durba da Fammar, tana da ma'auni mai aiki da amlodifin da ba ya yankewa, Babban Asibitin Rano kuma ya iya auna fotasiyam da aikin ƙoda, ya kuma san inda zai aika jinin wanda magani uku ya kasa. Kai kuma mai karatu, in mahaifinka ko mahaifiyarka sun yi hawan jini, kada ka jira ciwon kai. Ka je a auna ka kana zaune ka huta, in ya kai 140 bisa 90 a maimaita wata rana, in ya tabbata ka riƙe magani ko kana jin garau, sannan ku zauna da uwargida ku rage rabin magi da gishirin da ke shiga tukunya tun daga miyar yau.